Baba Fannami, Wanda Ya Samo Mana Dutse a Hadejia

Da an sallame asuba, Baba Fannami zai ɗaure wayarsa a kan babur da igiyar roba, ya kama hanyar Auyo a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Masu tafiya fadama har tsokanarsa suke yi: "Baba, mai ne ya ƙare?" Sai dai ya ɗaga musu hannu. Wayar nan tana zana masa hanya: inda ta lanƙwasa, inda kwalta ta fashe, inda iskar kogi take dukan ƙirji. Da hantsi ya buɗe mana taswirar a kwamfuta, mu 'yan ƙungiyar tseren keke ta mata, muna zube a tabarma muna rabon ƙosai. Kai, ina kewar hantsin nan!

Tsohon ma'aikacin safiyo ne, bai taɓa hawa keken tsere ba. Amma ba mu taɓa shiga gasa ba sai ya fara karanta mana hanyarta.

Shekarar da ba zan manta ba ita ce ta Yagana, wadda ta fi mu duka gudu. A gasar Jos ta kai gindin wani dogon hawa, ƙafa ta ƙi, ta sauka tana tura keke tana kuka. Da shekara ta zagayo, wata ƙungiya mai biyan 'yan tsere albashi ta ce za ta duba ta a hanyar nan dai. In ta haye tare da na gaba, an ɗauke ta. In ta sake sauka, ita da kanta ta ce ta rataye keke ke nan.

Mai horar da mu, Malama Barira, ta dafe kai. "Baba, ina zan samo mata dutse a garin da ko akuya ba ta da tudun hawa?"

Ya ce, "Ba ni taswirar, 'yata."

Ya auna yadda hawan Jos ya miƙe a kwamfuta, ya yi ta yawo da babur har ya tsaya a jinga, gancin ƙasar nan da ke tare mana ambaliya. Wani gefenta ya yi daidai da shi wajen miƙewa, sai dai gajere ne. To, a hau, a sauko, a sake hawa. Kuma ba da sabuwar ƙafa ba: sai mun je garin Malam Madori mun dawo a galabaice, daidai yadda hawan zai riske ta a gasa. Wallahi mun tsine wa jingar nan! Masu shanyar shinkafa suna janye mana buhuna, mata a kwalekwale suna ihu, "Yagana, taka!"

Kai ne, Baba, mai tsayuwa a rana kana ce wa Yagana, "Kin ga lanƙwasar can mai ban tsoro a taswirar Jos? Bayanta sauƙi ne. Kada ki ajiye ƙarfi." Ranar gasa kowa ya lafa a wurin, yana zaton da sauran hawa. Yagana ta miƙe a kan feda ta wuce. Yau da kekenta take ci da iyayenta.

Yanzu ido ya yi rauni, siririn layin taswira ya daina ganuwa, ka kwance wayar daga babur. Mun gode, Baba, mai ido kafin ƙafa. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ƙara lafiya. Ku kuma masu ilimin taswira, ga 'yan mata can a jinga suna hawa ba mai auna musu. Ku fito.

Da Yagana ta zo gida hutu, ta durƙusa a gaban Baba. "Baba, ka shirya, zan kai ka Jos ka ga dutsen nan. Ba ka taɓa ganinsa ba fa."

Ya yi dariya har da tari. "Ke 'yar nan, ai na riga ki haye shi."