Hajiya Mai Jakar Makaranta

A taron gidauniyar karatun 'yan mata marayu a Ƙofar Kaura nake kallonta. Ban san sunanta ba, kowa Hajiya yake ce mata. Awarwaron zinari har gwiwar hannu, turarenta ya riga ta shiga rumfa. Ina zaton bangon falonta cike yake da hotunan alherinta.

Jakar makaranta guda ce a hannunta, sabuwa fil. Tana miƙa wa yarinyar da ke gaban layi, amma ba ta saki ba.

"Ke, rage murmushin nan, marainiya ce ke fa. Mai hoto, ɗauka!"

Yarinyar ta rungume jakar. "Na gode, Hajiya."

Hajiya ta zare jakar daga hannunta a hankali. "Madalla, ɗiyata. Turo mani ta bayanki."