Ƙofar Shafin Shagon Baba

Injiniya ba injiniya ba ne. Tun yana ɗan sakandare ya samu sunan, ranar da ya kwance rediyon mahaifinsa ya mayar da ita, ta kama tasha da kyau, ga kuma ragowar sukurori a tafin hannunsa. Daga nan aka liƙa masa. Yanzu ya yi aure, furfura ta fara leƙowa a gefen kunnensa, amma har matarsa da sunan take kiransa, musamman idan tana neman tsokana.

Shagonsa ɗan tsukuku ne a ƙarƙashin matattakalar wani bene, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da tabarau. Teburi ne, da kwamfuta, da wata firinta da sai ta yi tari kafin ta yarda ta fara aiki. Yana buga takardu, yana gyaran kwamfuta, amma abin da yake ji da shi shi ne gina wa masu shaguna shafukan intanet. Da hannu yake rubuta su, layi bayan layi, a kan baƙin allo mai ƙananan haruffa. Shafin da ya fara ginawa a rayuwarsa na mahaifinsa ne, wanda kafinta ne mai shago a bakin titi. Ya daɗe yana fama da shi. Ranar da ya kai wa Baba ya gani, tsohon ya leƙa allon, ya ce, "To, madalla," ya koma kan zartonsa. Shekaru sun shuɗe, Injiniya bai manta da gajartar wannan madallar ba.

Sai ga Auta, ƙanwarsa ta ƙarshe, wadda ta gama karatu tana zaman jiran aiki. Ta samo wata manhaja ta gina shafi da ba a rubuta komai a cikinta, hoto kawai ake ja a ajiye inda ake so. Ta zagaya shagon Baba da wayarta, ta ɗauki gadaje da kabad da kujerun kushin, kafin mako ya zagayo ta haɗa sabon shafi a kwamfutarta.

Injiniya yana wurin ranar da ta nuna. Baba ya ajiye guduma, ya goge hannu a rigarsa, ya kira duk ma'aikatansa.

"Ku zo ku ga abin mamaki! Kai, dubi gadon nan, kamar mutum ya hau ya kwanta a cikin allon. Auta, ke kika yi wannan da kanki?"

"Ni na yi, Baba."

"Allah ya yi miki albarka. Ashe a gidana akwai mai kai irin wannan ban sani ba."

Injiniya ya yi murmushi don a gani. A ransa kuwa yana cewa: a gidanka akwai mai kai tun kafin a yaye ta.

Ta roƙe shi kalmar sirri ta saba, wato babbar kwamfutar kamfanin da ake ajiye shafukan don duniya ta gani. Ya ce ta kawo ya ɗora mata. Ta ce, "Haba Yaya, bar ni in koya mana." Ya ba ta. Ta fitar da shafin daga manhajar, ya fito mata a folda guda, ta ɗora shi gaba ɗaya.

Washegari da safe, kafin ya share shago, Injiniya ya leƙa sabar. Ga fayilolinta nan a jere: gadaje.html, kujeru.html, maraba.html. A gefensu kuma nasa tsohon fayil, index.html, yana zaune daram ba abin da ya taɓa shi. Ya jingina da kujera, ya ji wani sanyin daɗi ya ratsa shi.

Abin da ya faru ba shi da wuyar fahimta. Idan mutum ya buga adireshin shago kawai a wayarsa, sabar ba ta tambayar wane shafi ne ya fi kyau. Suna ɗaya ta sani a matsayin ƙofar shiga, index, shi take nema ta miƙa. Manhajar Auta kuwa takan ba kowane fayil sunan da aka rubuta a kan shafin, sai dai idan an nuna mata cewa wannan shi ne shafin farko. Auta ta rubuta Maraba, ba ta nuna ba. Don haka duk wanda ya zo, tsohon shafin Injiniya zai tarar, sabon yana bayan gida ba wanda ya san da shi.

Ya ɗauki waya zai kira ta, ya ajiye. Ya ce bari ya fara share shago. Da ya gama sai ya ga ai ita ta ce a bar ta ta koya.

Matarsa ce ta fara lura da shi da rana, da ya koma gida cin abinci.

"Injiniya, yau fuskarka kamar ta ango. Me aka yi?"

"Ba komai."

"Kai da tun ranar da Baba ya yabi Auta kake cin abinci kamar magani? Shafin nata ya hau?"

"Ya hau."

"Yana buɗewa?"

"Ki ƙaro min ruwa."

Ta dube shi ta gefen ido, ta ce, "Ƙanwarka ce dai, ba abokiyar takararka ba," ta tashi.

Auta ta gano da kanta cewa tsohon shafi ne ke fitowa. Ta goge nata ta sake ɗorawa, ta sake. Wata ƙawarta ta ce mata ai irin wannan yakan ɗauki lokaci, ta yi haƙuri. Ba ta faɗa wa Baba ba, shi kuma bai duba ba, don a wurinsa an gama magana.

Ranar da abin ya fashe, Injiniya ya je shagon Baba karɓar wani ɗan benci da aka gyara masa. Wata mata mai masaukin baƙi ta zo duba gadaje, Baba ya ce ai ba sai ta zagaya cikin ƙurar katako ba, komai yana waya. Ya ciro tabarau, ya buga adireshin a hankali da yatsa ɗaya, ya miƙa mata ba tare da ya duba ba.

Matar ta kalla, ta danne dariya. "Wannan mai baƙin gemun ɗanka ne?"

Baba ya karɓi wayar. Hotonsa ne na shekarun baya, tsaye kusa da wasu kujeru masu dogon baya da tuni aka daina yayinsu, ga lambar wayar da ta daɗe da mutuwa. Ma'aikatan suka sunkuyar da kai, kowa ya sami abin gogewa.

Bayan matar ta tafi ya kira Auta.

"Ina abin da kika nuna min?"

"Baba, a kwamfutata yana buɗewa lafiya lau."

"Kwamfutarki ce za ta sayi gado? Kin sa na yi ta cika baki a gaban mutane. Ki bar wa yayanki aikinsa. Nasa ko ba kyau, ai yana fitowa."

Abin da Injiniya ya so ji ke nan, ko kusa da shi. Ya ɗauki bencinsa ya fita, yana ta juya "ko ba kyau" ɗin a ransa har ya isa shago.

Da la'asar Auta ta shigo da kwamfutarta a rungume. Ba ta zauna ba.

"Yaya, ka goge fayilolin nan nawa, kada su ci maka wuri. Ka canza kalmar sirrin ma."

"Haka kawai?"

"To me zan yi da su? Baba ya yi gaskiya. Wasan yara ne na ɗauka aiki."

Ya shiga sabar, ya zaɓi fayilolin duka. Kafin ya danna, sai ya buɗe maraba.html, wanda tun ranar farko bai yarda ya kalle shi da kyau ba. Hotunan sun fito fes. Ta tsaya inda hasken taga ke sauka a kan katako, har zanen jikin icen ana gani. A waya ma shafin yana zama daidai, ba sai an ja gefe da gefe kamar nasa ba. Ya nemi aibu bai samu ba, kuma wannan ya fi komai ci masa rai.

"Jawo bencin nan ki zauna," in ji shi. "Buga adireshin shagon. Me ya fito?"

"Naka."

"Yanzu ƙara maraba.html a ƙarshensa."

Ta ƙara. Shafinta ya buɗe. Ta dafe baki.

"Yana nan! Ashe yana nan duk kwanakin nan!"

"Dubi sunan nawa fayil ɗin, ki dubi naki."

Ta duba, ya yi mata bayani a taƙaice. Sannan ta juyo.

"Yaya, tun yaushe ka sani?"

Ya miƙe ya buɗe murfin firinta yana leƙen cikinta, alhali ba abin da ya same ta. Auta ba ta sake tambaya ba. Ta kai hannu za ta canza sunan fayil ɗin nan take, ya tsayar da ita daga inda yake.

"Kar ki yi haka. Sauran shafukan duk maraba suka sani, idan mutum ya danna komawa farko zai faɗa rami. Koma cikin manhajar taki, ki nuna mata wannan ne shafin farko, ki sake fitarwa."

Ta laluba har ta gano wurin. Sabuwar folda ta fito, index.html yana ciki. Da ta zo ɗorawa, allon ya tsaya ya yi tambaya: akwai fayil mai wannan suna, a maye gurbinsa?

Yatsanta ya tsaya. "Naka ne fa."

"Na gani."

"Kana da kwafinsa?"

"Danna mana, Auta, ina da aiki."

Ta danna. Bai da tabbacin ko yana da kwafin.

Tare suka koma shagon Baba kafin a tashi. Tsohon ya karɓi wayar da fuska a murtuke, ya buga adireshin, sai fuskar ta washe. Ya sake kiran ma'aikata.

"Ban ce muku ba? Na san yarinyar nan ba za ta ba ni kunya ba. Auta, zo ki nuna min inda kabad suke."

"Baba, Yaya ne ya nuna min inda kuskuren yake."

"To da wa zai nuna miki?" Baba bai ɗago ba. "Injiniya, ɗan matsa, ka tare min haske."

Ya matsa. Ya tsaya a bayansu yana leƙe ta saman kafaɗar mai fenti, ana ta wuce hotuna ana yabawa. A shafin kabad ne ya hango: hoto ɗaya ya ɗan karkace, ƙafar wani ma'aikaci da silifas ɗinsa ta shigo ta gefe. Ba wanda ya lura. Injiniya ya ji daɗi har cikin ransa, ya yanke shawarar ba zai faɗa mata ba sai gobe.