Baƙin Mai a Tsakar Gidan Ɗana

Ranar da babban ɗana ya ce in riƙa ajiye motata a waje, abin ya ci min rai. Ya yi wa tsakar gidansa na Tudun Wada sabon daɓe, ni kuwa duk zuwan da na yi sai motar ta bar masa baƙin tabo. Motar tsohuwa ce, ban musa ba. Tun ina aikin jinya na saye ta, kasuwar Taminus ta Jos ma ba ta ƙone ba a lokacin.

Daga maganar tabo sai aka koma maganar sayarwa. Shi ya kira bakanike, wani Ibo da ya daɗe a Jos, ya zo har ƙofar gidana a Gangare. Mutumin ya leƙa ƙarƙashi, ya ga mai ya jiƙe mahaɗar inji da giya, ya miƙe yana kaɗe gwiwa.

“Mama, wannan mota ya gaji. Robar bayan inji ne. Sai mun sauke inji gaba ɗaya.”

Ɗana ya dube ni. “Kin ji ko, Mama? A rabu da ita kawai. Duk inda za ki, sai in turo miki keke mai ƙafa uku.”

Na san inda maganar ta dosa. Ba motar kaɗai ake son a ajiye ba, har da ni. In ta tafi, ba wata za a saya min ba, sai dai in zauna ina jiran wanda zai kai ni biki ko gaisuwa in ya ga dama. Na ce su ba ni kwana uku. Ɗana ya yi irin murmushin da ake yi wa tsohuwa mai rigima.

Ban san inji ba, amma na san rauni. Na shekara da shekaru ana kawo min mutum jina-jina, dangi na nuna min ƙafa, alhali a ka ya fashe. Ba a ɗinki sai an wanke an ga inda jinin ke fitowa. Shi kuwa bakaniken nan ko tsumma bai ɗauka ba.

Ga kuma wani abu da ba wanda ya kula. Layinmu gangara ne, kullum motar gabanta na sama take kwana, da dutse a bayan taya. Duk abin da ya zubo daga injin, baya zai bi. To ina abin mamaki don an ga mai a baya?

Washegari na kai ta wani fili mai lebur. Na ɗaura tsohon zani, na wanke injin da kananzir da burushi tun daga sama har ƙasa. Matan layinmu suna wucewa suna gaishe ni suna ƙunshe dariya. Wata ta ce, “Hajiya, yau kuma gareji aka buɗe?” Na ce mata eh, ta kawo mijinta in duba shi.

Da ya bushe, na barbaɗe shi da farar hoda, irin wadda ake shafa wa jarirai. Na tayar da ita, na bar ta tana aiki, na tsaya da tabarau a hanci. Can sai ga wani siririn baƙin layi ya keto hodar. Daga sama yake, a kusurwar baya ta murfin inji, ya gangara sannu a hankali har mahaɗar nan da aka ɗora wa laifi.

Na kira bakaniken. Ya zo yana ɓata rai, na kama hannun rigarsa na nuna masa. Ya daɗe yana kallo, sai ya fashe da dariya.

“Mama, kin kama ni. Fakin murfi ne kawai.”

Da ya cire murfin, tsohon fakin, wato robar da ke hana mai fita ta bakin murfin, ya bushe ƙamas, yana karyewa a hannu kamar ƙanzo. Ya kankare wurin ya sa sabo, ni kuma na hana shi ɗaure notocin da ƙarfin tsiya, don na ga hannunsa ba sauƙi. Kwana biyu ina shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta, ko ɗigo babu.

Ranar Asabar na tafi Tudun Wada. Ban tsaya a waje ba, na danna hon har aka buɗe ƙofa, na shiga na tsaya a tsakiyar daɓen nan nasa. Na ci abinci, na yi azahar, na yi la'asar, da gangan nake jan zaman. Ɗana sai leƙen taga yake.

Da zan tafi, na ja motar baya kaɗan, na sauke gilashi. Yana tsaye yana kallon ƙasa.

“Sunkuya da kyau,” na ce masa. “Sa hannu ka shafa.”

Ya sunkuya ya shafa, ya dubi tafinsa.

“Mama, to mako mai zuwa in turo keken ne, ko...”

“Ka dai bar ƙofa a buɗe,” na ce, na sa giya.