Amshi kawai na iya

Ina cikin shanya wanki a gidana da ke Nguru, ƙanena ya kira ni daga Gashuwa. "Yaya, Inna ta cika," ya ce. Sai da na gama shanya zanen da ke hannuna sannan na zauna a ƙasa.

Mahaifiyarmu ta fi shekara talatin tana ba da waƙa a zumuntar mata ta majami'armu. Ita ke jan baiti, mata su amsa, ana buga tulu da kacau-kacau. Ba ta iya rubutu ba. A ka take shirya waƙoƙinta, yawanci tana cikin gyaran kifi. Akwai wadda ta zama addu'arta ta kowace safiya, amshinta shi ne: "Riƙe ni, Yesu, ruwa ya yi zurfi." Da ciwon ƙoda ya kwantar da ita, ta ce ita za a yi mata ranar binnewa. Na ce to.

Sai a motar zuwa Gashuwa na gane amshin kawai na iya. Duk haka muke, mun saba jiran muryarta. Mutum ɗaya ce ta riƙe baitocin, aminiyarta mai buga mata tulu, tsohuwar da muke kira Iya.

Na samu dattijon da ke shirya jana'izar, na gaya masa waƙar da Inna ta ce a yi mata. Ya ce, "'Yata, an riga an buga takardar shiri, ga mawaƙan matasa kwana biyu suna gwaji." Na roƙa har ya ce a saka ta bayan wa'azi.

Ranar jana'izar, da aka gama wa'azi, Iya ta tashi da tulunta. Ba wanda ya miƙa mata makirufo. Ta ja baitin farko, muka amsa. Tana shiga na biyu mai piyano ya fara laluben muryarta, mai ganga ya biyo shi, lasifika ta cika ɗakin. Ina ganin bakin Iya yana motsi, ba na jin komai. Mai jagorar sujada ya duba agogo ya ce, "Mun gode wa iyayenmu mata, a tafa musu!" Aka tafa, gawar Inna tana gabanmu.

Iya ta ajiye tulun ta ce, "Ni ba tafi na zo nema ba."

Bayan an dawo daga makabarta na ce wa dattijon, "Baba, jana'iza nawa Inna ta yi wa waƙa a nan? Tata ce ba ta da lokaci?" Ya ce, "Waƙa duk waƙa ce, Allah ya ji." Allah ya ji, na yarda. Amma addu'ar mutum ce aka danne da ƙara, aka kira shi taimako.

Na yi niyyar komawa in ɗauki muryar Iya a waya. Na bari sai bayan damina. Kafin nan ɗanta ya kai ta ƙauye wajen Dagona, can ta rasu. Wannan laifina ne, ba na ɗora wa kowa.

Maƙwabciyarmu Musulma, wadda ta yi shekara da shekaru tana jin Inna ta bayan katanga, ta tuno mini baiti ɗaya. Da wanda na ji daga bakin Iya, biyu ke nan. Sauran ban same su ba, kuma har yau ba a yi wa Inna waƙarta ba.