Laftanar Zuhura da Shirun Kofur Shehu

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, kuma Zuhura ta riga mu. A ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Laftanar Zuhura Abdullatif Kusada, lauyar soja, a hatsarin mota gaba da Kankia kaɗan. Daga Kaikai ta taso za ta koma bariki. Ko shekara ba ta cika ba da ɗaura anini biyu a kafaɗa.

Zuhura, ni ce Sumaiyarki ta Kankia, wadda kika laƙaba wa Sarauniyar Ƙorafi. Tare muka ajiye baƙar rigar lauyoyi muka sa kaki, kuma ranar farko a makarantar horarwa muka gane cewa Samanja bai san wata doka ba sai tasa. Gudu tun asuba, fareti cikin rana, goge takalmi har sai ka ga fuskarka a jiki. Ni dai kullum cewa nake lauya ce ni, me ya haɗa ni da rarrafe cikin taɓo? Ke kuwa sai ki yi dariya ki ce wadda ta yi noman gyaɗa a ƙauyen Ƙofa ba ta jin tsoron taɓo. Ranar da ƙafata ta kumbura a dogon tattaki, kin ɗauki jakata kin ɗora kan taki, kina tafe kina yi mini tsiya har muka isa. Wallahi ba don ke ba da na koma gida tun watan farko.

Da aka tura mu aiki, sai na ga wata ɗabi'arki da ba a koya mana a aji ba. Ƙaramin soja idan ya tsaya gaban hafsa, ƙamewa yake yi, duk abin da aka tambaye shi sai ya amsa da e. Shi ya sa idan za ki gana da wanda ake tuhuma a gadirum, ɗakin tsare sojoji, kikan cire hula, ki sa a kawo benci, ki fara da gaisuwa irin ta gida: ya damina, ya shanu, ya tsofaffi. Sai kafaɗunsa sun sauka sannan ki taɓo maganar shari'a. Wasu manya sun ce kina zubar da girman kaki. Ba ki musa musu ba, ba ki kuma daina ba.

Haka aka ba ki aikin kare Kofur Shehu, Bafulatanin Kaikai. An ba shi izinin zuwa gida, ya zarce lokacin da aka ɗibar masa da makonni, ya dawo da ƙafarsa. Aka tuhume shi da barin aiki ba izini. Idan kotun soja ta same shi da laifi, igiyoyinsa biyu sun tafi, aikin ya tafi, ga ɗauri a kai. Kowa ya tambaye shi abin da ya tsare shi, sai ya sunkuyar da kai ya ce babu komai. Aka ɗauka taurin kai ne.

Ke kaɗai kika lura cewa ya ba ki labarin mahaifiyarsa, da geronsa, da bajiminsa, amma da kika tambayi yara sai ya kau da fuska. Kin zo ɗakina idonki jawur, kika ce, "Sumaiya, ɗan farinsa ne ya rasu. Mutanenmu ba su faɗin wannan da bakinsu, ko da za a ɗaure su." Gaskiyarki. Yaron ya yi jinya a hannunsa har ya cika, kunyar ɗan fari kuwa ta hana uban ko ambaton sunansa, balle ya kafa hujja da shi gaban baƙi. Ba ki matsa masa ba. Kin ce tunda shi ba zai faɗa ba, akwai wadda al'ada ta yarje wa ta faɗa. Kika nemi izini, kika hau motar haya, kika ƙarasa Kaikai a bayan ɗan acaba, kika samo gwaggonsa Hassana wadda ta yi jinyar yaron tare da shi. A hanyar dawowa ajali ya same ki.

Na yi kuka, Zuhura, har yanzu ma ina yi. Ranar sadakar uku a gidanku na Kusada, ina zaune cikin mata, wata tsohuwa ta dafa gwiwata ta ce, "Ɗiyata, ke ce abokiyar aikin marigayiya? Ni ce Hassana. Ban taɓa wuce Kankia ba, amma na ce mata zan taho kotu in ba da shaida, kuma zan taho. Ki faɗa mini rana kawai."

Na koma bariki na roƙi a ba ni shari'ar, an kuma ba ni. Na je gadirum, na cire hula, na sa aka kawo benci. Shehu ya tambaye ni ko an samu jama'a wajen jana'izarki. Na ce masa layi har bakin kasuwa.

Ya Allah Ka jiƙan Zuhura, Ka yafe mata kurakuranta, Ka haskaka kabarinta, Ka sa tafiyar nan da ta yi don wani ta zame mata hujja a gabanKa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Baba Malam Abdullatif, da Inna Rahamatu, da ƙannenta, da dukan mutanen Kusada. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta.

Kotu za ta zauna makon gobe. Da kaina zan je Kaikai in ɗauko Gwaggo Hassana, ta hanyar nan da kika bi. Shehu ba zai buɗe baki ba, kuma ba wanda zai tilasta masa muddin ina tsaye a wurin. Ki huta, ƙawata. Wannan karon ni zan ɗauki jakarki.

Laftanar Sumaiya Zainul Abidin, Kankia