Baba Ya Ƙi Shiga Firji

Likita ne ya ce Baba ya riƙa taka ƙasa saboda zuciyarsa. Ni kuma duk garin Greensboro na Amurka ban ga inda mota ba za ta kwashe mini tsoho ba sai tsohuwar maƙabartar nan ta kusa da cikin gari. Daga Kano na ɗauko shi ya zo magani, kuma jikin ba daɗi.

A bakin ƙofa ya yi wa mamatan sallama. Na ce, "Baba, ai ba sa jin Hausa." Ya ce, "Yanzu kam sun iya."

Wallahi wurin ya fi unguwarmu ta Glenwood tsabta. Ga ciyawa an aske, ga duwatsu kamar firamare ta fito fareti, ga wata Baturiya tana gudun motsa jiki tsakanin kaburbura, har da karenta. Baba ya bi ta da kallo ya ce, "Oh ni! Ko a kabari ba a huta ba."

Sai muka zo kan wani sabon dutse mai sheƙi, an rubuta suna da shekarar haihuwa, ba ta mutuwa. Na ce masa mai shi yana nan da ransa, wuri ya kama, shi ya zaɓi dutsen da rubutun. Baba ya yi dariya har da tari. "Wato ya yi wa Mala'ika bukin, kamar na ɗakin otal! To ni ma kama mini gindin bishiyar can, a sa mini fanka."

Muna dariya ya zauna a benci. Da numfashinsa ya dawo ya ce, "Kai, in ta zo mini a garin nan, yaya ake yi?"

Na so in yi ƙarya, na kasa. Na ce Musulmi suna da nasu filin, amma sai an gama takardu, kafin nan asibiti za su ajiye mutum a firji.

"Firji? Kamar naman layya?"

Raina ya ɓaci, don na san abin da zai biyo baya.

"Mayar da ni gida da ƙafata."

Na yi faɗa, na yi magiya, na haɗa shi da likita. Ko gezau. Ya koma Kano, ya bar ni nan.

Wata rana da safe ya rasu, kafin azahar an rufe shi, ba dutse ba suna, yadda yake so. Lokacin da nake neman tikitin jirgi, mutane har sun dawo daga maƙabarta.