Dokta Akanisi da Rigar Peniasi

Da la'asar, in ɗalibai sun watse daga jami'a a Suva, Dokta Akanisi Rokovada takan saɓa kujerarta ta naɗewa ta nufi filin zari-ruga mafi kusa. Ba ta tafawa, ba ta ihu. Kowa idonsa na kan ƙwallo, ita nata na kan wanda ya faɗi: yadda kansa ya bugi ƙasa, yadda ya miƙe, ko ya ma san inda ya dosa. Haka ta yi ta yi har furfura ta rufe mata kai, ga shi bana ta ajiye aiki.

A nan Fiji, in ɗan wasa ya bugu a ka, maganinsa guga guda na ruwa da dundu a baya, sai ya koma fili. Bincikenta ya nuna bugu na biyu, kafin ƙwaƙwalwa ta farfaɗo, shi ne ke kai samari kabari ko ya bar su suna dafa bango. Ta rubuta, ƙasashen waje suka karanta, masu bincike suka yi ta kafa hujja da ita. A gida kuwa, masu horarwa suka raɗa mata suna Dokta Zauna-Tukuna.

Abin da mutanen garin Sigatoka suka gani da idonsu ya fi duk takardun. Ƙungiyar ƙauyen mahaifiyarta ta kai wasan ƙarshe, mai horar da su kuwa kawunta ne, Ilaitia. Gwaninsu Peniasi ne, kuma saboda shi wani Bature ya taso takanas daga Faransa neman 'yan wasa. A wasan kusa da na ƙarshe gwiwar wani ta same shi a gefen kai. Ya miƙe yana dariya. Akanisi ta tambaye shi da wa suka buga, ya yi ta zare ido.

"Kawu, Peniasi ba zai shiga wasan ƙarshe ba."

"Ke kuma! Wannan ko da bijimi ya yi karo, bijimin ne zai ji jiki. Kai, a zuba masa ruwa!"

"Bai san da wa ya buga ba fa."

"Ni ma ban san sunansu ba, mun dai lallasa su. Je ki rubuta, Turawa su tafa miki."

Ba ita ce likitar ƙungiya ba, ba ta da ta cewa. Amma ita vasu ce a ƙauyen, wato 'yar 'yarsu, kuma a al'adar Fiji abin da vasu ya ɗora wa hannu a gidan kawu ya zama nasa, ko saniya ko kwalekwale. Tsawon rayuwarta ko kwakwa ɗaya ba ta taɓa ɗauka ba. Ta taka ta zare rigar wasan Peniasi da ke shanye a shinge, ta naɗe ta a hammata.

"Na ɗauka."

Kowa ya san ba tsumma ta ɗauka ba, kuma duk wanda ya ara masa wata rigar ya taka al'ada a bainar jama'a.

"Haba 'yar nan," in ji Ilaitia, muryarsa ta yi ƙasa. "Ga shanuna can, zaɓi wadda kike so."

"Rigar nake so, Kawu."

Tsohon ya zauna a ƙasa ya yi tafin girmamawa, bai dube ta ba. Aka ci su a wasan ƙarshe. Baturen ya tafi da wani.

Da a ce Peniasi ya shiga, me zai faru? Allah kaɗai ya sani, ita ma ba ta taɓa cewa ta sani ba. Ta dai halarci jana'izar samarin da aka zuba wa ruwa, kuma abin ya tsaya mata a rai.

Dokta, ke ce kika yarda danginki su juya miki baya a kan abin da bincikenki ya nuna. Mace mai kamar maza, da kin so, da kin zauna a ofis ana yabonki daga nesa. Yau a makarantu da dama yaro in ya bugu a ka sai ya zauna, ba a ma tuna wa ya fara faɗa. Mun gode. Masu bincike da ke tasowa, ku riƙa sauka fili kamar yadda ta sauka, ku faɗi abin da kuka gano a gaban mutanen da za su ji haushinku.

Peniasi bai je Faransa ba. Yana jan motar rake, yana da 'ya'ya mata biyu, kuma har yau in ya hango ta a kasuwa sai ya sauya hanya. Ranar walimar ajiye aikinta wani ya ce za a haɗa dattawa a sasanta su. Ta ci gaba da ɓare gwazarta, ta ce:

"Ku ƙyale shi ya yi fushinsa. Ai mai rai ne ke fushi."